Gayya a Gonar Malamin Lissafi

Sadiyya ta faɗi lissafi a zamanta na farko na jarrabawar gama sakandare. Jikata ce, 'yar Halliru, ɗana na biyu. Ta ci Turanci, ta ci kimiyya, ta ci sauran duka. Lissafi kaɗai ya kayar da ita. Makarantar koyon aikin ungozoma kuwa, wadda take buri tun tana ƙarama, ba ta karɓar wanda bai ci lissafi ba. Ubanta ya yarda ta maimaita aji, amma ya ce daga wannan ba zai ƙara biya mata jarrabawa ba, don akwai ƙannenta a baya. Ban ga laifinsa ba. Acaɓa yake yi tsakanin Gwiwa da Roni, babur ɗin kuma ya tsufa.

A ƙauyenmu babu ungozomar asibiti. In haihuwa ta zo da gardama, a kan babur ake ɗaukar mace zuwa Kazaure. Na ga waɗanda suka dawo da ƙafarsu, na ga waɗanda aka dawo da su. Saboda haka ni Haladu, Sarkin Noman ƙauyen nan, ban ɗauki lissafin Sadiyya da wasa ba.

Malaminsu na lissafi Malam Silvanus ne, mutumin Filato, Kirista. Ya daɗe a cikinmu, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya tara 'yan ajin ƙarshe yana yi musu bita bayan an tashi daga makaranta, da kuma ranar Asabar. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Iyayen yaran ko kwanon gero babu wanda ya taɓa aika masa. In sun gamu da shi a hanya sai su ce, "Malam, ya ɗalibai?" su wuce abinsu.

Daminar bara ruwa ya sauka da wuri. Aka yi shuka, gero ya fito, ciyawa ta biyo shi. Jarrabawar NECO kuma ta matso, ranar lissafi ba ta kai wata ba.

Wata Laraba ina zaune a zaure ina gyaran ƙotar fartanya, sai ga Sadiyya ta shigo tun kafin la'asar.

"Ke, me ya dawo da ke yanzu?"

"Babu bita, Kaka."

"Jiya ma kin ce babu."

"Malam ya ce mu yi haƙuri sai ya gama firi, noman farko. Ciyawa ta kama gonarsa."

Ta durƙusa kusa da ni, ta buɗe littafi, ta ɗora yatsa a kan wani shafi.

"Ka ga wannan? Lissafin da'ira da kusurwa. Shi ya kayar da ni wancan karon, kuma shi ne ya rage ba mu yi ba. In na karanta ni kaɗai sai in ga kamar na gane. Da na ɗauko tambayoyin shekarun baya sai in rasa ta inda zan kama."

Na duba. Zane-zane ne kamar sawun kaji a kan rairayi.

"Ko kai za ka koya mini, angona?" in ji ta, irin tsokanar jika da kaka.

"Rufe mini baki."

Ta yi dariya, amma idonta ya kawo ruwa. Ta rufe littafin ta shige gida.

Raina ya ɓaci da malamin. Mutum ya ɗauki yara ya kai su tsakiyar rafi, sannan ya ce su tsaya nan zai je ya dawo? Na ɗauki kekena na nufi gonarsa.

Gonar aro ce, a bakin hanyar Roni. Na same shi daga shi sai singileti, ya sunkuya, gumi na zuba. Harƙiya da ƙarangiya sun rufe geron, sai ka duba da kyau kafin ka gane shuka. Matarsa Juliana na zaune a gindin wata bishiyar bedi da tsohon ciki, tana fifita da gefen zane.

"Sannu da aiki, Malam."

"Ranka ya daɗe, Sarki. Kai da kanka cikin ranar nan?"

"Ka bar yara."

Ya miƙe, ya dogara da fartanya.

"Na bar su, Baba, kuma ba da son raina ba. Amma dubi gonar. Albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, geron nan ne abincinmu har baɗi. Da madam ce ke taya ni, bana ga ta yadda kake gani. 'Yan ƙwadago sun fi ƙarfina. In na ƙara mako ban nome ba, ciyawa ta gama da shi."

"Ka gaya wa iyayen yaran?"

"In ce musu me? Sai su ce bitar ta koma ta neman abin duniya."

Na taka na duba inda ya nome. Aiki mai tsabta. Bai bar saiwa ba, bai sare gero ba. Manomi ne ɗan manoma. Sai dai gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya da ba ya zuwa sai bayan azahar. Fushin da na taho da shi bai tafi ba, wuri ya sauya. Gidaje nawa ne 'ya'yansu ke zaune gaban mutumin nan kyauta tun farkon shekara, kuma duk suna bi ta hanyar nan, suna ganin gonarsa ta koma daji?

Na ce masa, "Ranar Asabar ka shiga aji tun safe. Kada in ga ƙafarka a nan."

"Gonar fa?"

"Gayya zan kira."

"Baba, ba ni da abin ciyar da gayya."

"Na tambaye ka?"

Juliana ta ce, "Allah ya saka da alheri, Baba. Ko kunu ne ni zan dama."

"Ke ki zauna inda Allah ya ajiye ki."

A wurinmu da goro ake kiran gayya. Mai kira ya faɗi gona, ya faɗi rana, ya bi mutane da goro. Wanda ya karɓa ya ɗauki alkawari, ranar sai fartanya ta fito daga gidansa. Mai kira shi ke ciyarwa, shi ke kawo makaɗi.

Ranar Juma'a da aka sallame, na tsaya a ƙofar masallaci da gorona cikin ganye. Na ce, "Gobe gayya a gonar Malam Silvanus. Mu za mu yi masa firi, shi kuma ya shiga aji tun safe ya ƙarasa wa yaranku bitar lissafi." Haka na faɗa, da ƙarfi, kowa ya ji.

Mamuda mai shago ne ya fara magana. Shi ke sayar da taki da kayan masarufi a bakin tasha, ɗansa na cikin ajin.

"Allah ya ja kwana, Sarki. Gayya fa ta suruki ce, ko ɗan'uwa, ko mara lafiya. Wannan ma'aikacin gwamnati ne, wata-wata ake biyansa."

"Asabar ma gwamnati ke biyansa?"

"Ai koyarwa aikinsa ne."

"Ɗanka da ke zuwa wurinsa har magariba, kai ka ɗauke shi aikin?"

Na miƙa masa goro.

"Karɓi, ko ka bari kowa ya ga ka bari."

Ya karɓa. Sauran ma suka karɓa, har da Halliru ɗana.

Mele ne na ƙarshe. Babarbare ne, tsohon ɗan kasuwar gyaɗa, sa'ana kuma abokin wasana, don ni asalina Bafulatani ne. Jikarsa Zulaikha ajinsu ɗaya da Sadiyya.

"Yau Fulata ke rabon goro?" in ji shi. "Duniya ta zo ƙarshe. Ba ni biyu kafin ka farka."

"Bawa ba ya cin biyu."

"To ubangidanka ne ke tambaya."

Na ba shi ɗaya.

Da na koma gida na sa aka buɗe rumbuna aka ɗebo gero, mata suka shiga dakan fura. Na aika wa Daudu mai gangar noma ya zo da sassafe.

Ranar Asabar gwiwata ta tashi da ciwo, ban fita ba sai da rana ta ɗaga. Tun daga nesa na jiyo ganga. Na hango mutane sun jeru daga wannan gefen gonar zuwa wancan, fartanyoyi na tashi suna sauka tare. Zuciyata ta yi fari. Na ce ashe da sauran mutane a garin nan.

Da na matso na sauka daga keke, sai na ga babu gemu ko ɗaya a gonar sai na Mele.

Samari ne zalla. Na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗan Mamuda a gaba yana jan layi. Ga ɗan liman, ga ɗan maƙeri, ga 'ya'yan mai unguwa. Duk 'yan ajin ƙarshe. A gindin bedi kuma 'yan mata sun zauna da ƙoren fura da jarkokin ruwa. Zulaikha na ciki. Sadiyya na ciki.

"Ke! Me kike yi a nan?"

"Inna ce ta ce in kawo fura, Kaka. Baba ya fita da babur tun asuba. Ya ce gidanmu ba zai rasa wakili ba."

"Aji fa?"

"Ai ajin ne gaba ɗaya a nan."

Mele ya kama dariya har sai da tari ya sarƙe shi.

"Fulata, aikinka ya yi kyau! Ka 'yanta malami, ka kama ɗalibai!"

Ga abin da ya faru. A al'adar gayya, in maigida ya karɓi goro bai samu zuwa ba, babban ɗansa na iya tsaya masa, kuma ba a ganin laifinsa. Haka muka gada. To, kowane uba ya tashi da safe ya dubi gonarsa, ko shagonsa, ko teburin mai shayi, sai ya miƙa wa babban ɗansa fartanya. Babban ɗan kuwa shi ne ɗan ajin ƙarshe. Iyaye mata kuma suka ɗora wa manyan 'yan matansu ƙwarya.

Mele ya ce laifina ne da ban ce kowa ya zo da kansa ba. Ban yarda ba. Na faɗi dalilin gayyar a gaban kowa. Sai an gaya wa mai gemu cewa yaro ba ya zama a aji da gona a lokaci ɗaya?

Yaran kuwa daɗi suke ji. Ga ganga, ga 'yan mata na kallo, ga an kuɓuta daga allo. Ɗan Mamuda ya share gumi ya ce, "Baba Sarki, ka bari mu gama nan tukuna. Lissafi ai ba ya gudu."

"Ubanka ya iya noma," na ce masa. "Zai iya zauna maka jarrabawa?"

Ya sunkuyar da kai.

Muna cikin haka sai ga Malam Silvanus a kan kekensa, alli duk ya ɓata masa hannu da wando. Ya tsaya a bakin gona yana kallon ɗalibansa.

"Tun safe na cika allo, Baba," in ji shi. "Ni da awaki muka zauna."

Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba, ya fara naɗe hannun riga.

"Tunda sun riga sun zo, bari mu gama noman tare. Bitar a yi ta wani lokaci."

"Wane lokaci? Bayan jarrabawa?"

Na ɗaga wa Daudu hannu, ganga ta tsaya. Na juya ga samarin.

"Kowa ya ajiye fartanyarsa a nan inda yake tsaye. Kada wanda ya tafi da ita. Ku wanke hannu, ku sha fura, ku bi malaminku. 'Yan mata, ku ma."

Suka ajiye. Fartanyoyi suka kwanta a jere a tsakiyar gona, ana hango su daga hanya. A ƙauye kowa ya san fartanyar kowane gida kamar yadda ya san akuyarsa.

Sadiyya ta tsaya a baya.

"Kaka, ku biyu za ku nome wannan? Ga gwiwarka."

"Gwiwar taki ce? Tafi."

Ta tafi tana waiwaye.

Daudu ya rataya gangarsa ya ce, "Sarki, ni ma in koma?"

"Gari za ka shiga. Ka fara da teburin mai shayi. Ka faɗi abin da idonka ya gani, ba ƙari ba ragi, da sunan kowa."

Makaɗin noma aikinsa biyu ne, ya wasa jarumi, ya yi wa rago zambo. Daudu ya fi gwaninta a na biyun. Ya tafi yana murmushi.

Ni da Mele muka sunkuya. Tsofaffi biyu, ɗaya na tari, ɗaya na ɗingishi.

"Fulata, wannan noma kake ko susa?"

"Kai dai ka kula kada ka sare gero, ɗan kasuwa."

Ba mu yi nisa ba na ji ƙarar babur da na sani. Na fita na tsaya a tsakiyar hanya da fartanya a hannu. Halliru ne, ya ɗauko wani mutum da buhu. Ya ci burki.

"Baba, lafiya?"

"Ina goron da ka karɓa?"

"Ai na aiko Sadiyya da fura."

"Kai ka ce wannan ne zamanta na ƙarshe?"

"Ni ne."

"Kai kuma ka ɗora mata ƙwarya ranar bita."

"Wallahi, Baba, na ɗauka sai da yamma za su yi."

"A gabanka na ce tun safe. Kada ka haɗa mini laifi da ƙarya."

Fasinjan ya fara ƙoƙarin sauka yana ba da haƙuri. Na ce ya zauna, ba ruwansa.

"Kai shi Roni ka dawo. In inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa ban gan ka ba, kada ka zo, kuma kada ka gaishe ni gobe."

Bai kai haka ba ya dawo. Ya jingine babur, ya cire riga, ya ɗauki fartanya ya sunkuya. Bayansa maƙeri ya zo, sai liman, sai wasu 'yan kaɗan. Kowa ya zo sai ya bi layi ya nemi ta gidansa, ba ya haɗa ido da ni. Amma fiye da rabin fartanyoyin na nan kwance.

Daudu ya dawo ya durƙusa.

"Sarki, sun taru a ƙofar shagon Mamuda. Shi ya hana su. Ya ce in gaya maka ya karɓi goro, ya aiko ɗa, al'ada ta cika. Kai ka kori wakilinsa da hannunka, saboda haka babu sauran nauyi a kansa. Sauran suka ce maganarsa dutse."

Wannan ta fi komai ƙona mini rai, don a bisa al'ada ba ƙarya ya yi ba. Mutum ya ɗauki abin da kakanni suka bari don a taimaki juna, ya mai da shi bangon fakewa. Ɗansa ne fa a ajin. Ba ɗana ba, ba ɗan malamin ba. Na dubi gonar, na dubi rana. Da mu kaɗai, ko rabi ba za mu ci ba. In ba a gama yau ba, Litinin Malam zai dawo nan da fartanya, allo ya koma na awaki.

Sai ga Juliana tafe a hankali, da tukunyar kunu a ka, hannu ɗaya a ƙugu. Na hana ta, ba ta hanu ba. Mele ya taimaka mata ta sauke. Ta dubi mutanen da ke noma, ta dubi fartanyoyin da ke kwance. Ta ɗaure zane, ta taka ta ɗauki wadda ta fi kusa da ita. Sabuwa ce fil, ƙotarta da jan fenti. Irin ta gidan Mamuda kenan, shi kaɗai ke shafa wa fartanya fenti don kada a musanya masa.

Ta sunkuya da ƙyar ta fara sara.

"Ke! Ajiye!"

"Baba, gonar gidanmu ce. Tsofaffi na nome mini ina zaune a inuwa? A garinmu ba a yin haka."

"Nan ba garinku ba ne. Ajiye na ce."

Ta ƙara sara biyu kafin na isa wurinta. Na kama hannunta na kai ta gindin bedi na zaunar. Numfashinta na fita sama-sama. Fartanyar kuwa na bar mata ita a kan cinya.

Mele ya dubi Daudu.

"Kai, makaɗi ne ko gunki? Me kake jira?"

Daudu ya ruga. Daga gona muna jiyo gangar tana shiga gari, muryarsa na biye da ita:

"Fartanyar Mamuda ta sami mai ita,
Mai tsohon ciki ce ta ɗauka,
Maigida na shago yana korar ƙuda."

An ce har cikin gidaje mata suka fito soro suna ji. An ce uwar Mamuda, tsohuwa da sanda, ita ta je ƙofar shagon ta tsaya ta kafa masa ido.

Ba a jima ba sai ga shi, da babbar rigarsa ta zaman shago, yana huci. Sauran na biye da shi kamar tumaki.

"Sarki, wannan cin mutunci ne! A sa mini ganga a gari kamar ɓarawo?"

"Daudu ya yi ƙarya?"

"Ban ce ya yi ƙarya ba, amma..."

"Ga fartanyarka can. Je ka karɓa."

Ya juya ya ga inda take. Duk gonar aka daina noma ana kallo. Ya tsaya kamar zai koma, sai ya taka har gindin bedi. Dole ya rage tsawo, don tana zaune.

"Madam, sannu. Kawo."

"Sannu da zuwa, Alhaji," in ji Juliana. Ta miƙa masa da hannu biyu. "Tana da kaifi. Kamar ba a taɓa aiki da ita ba."

Mele ya sake sarƙewa da tari. Mamuda ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe. Daudu ya gyara ganga ya koma kiɗan noma, har ya wasa Mamuda daga baya, don gaskiya da ya sunkuya ba rago ba ne. Wannan ma haushi ya ƙara mini. Ashe ƙarfin na nan.

Kafin la'asar an gama gonar tas. A al'ada mai gayya kan yi godiya ya sa albarka. Albarka na sa, godiya ban yi ba. Me zan gode wa mutum a kai, don ya bar ɗansa ya yi karatu? Na ce musu, "Maimai ma, noma na biyu, haka za a yi, ku da kanku. Kuma daga yau har ranar lissafi, duk ɗan ajin ƙarshe da na gani a gona da yamma, Daudu na nan, gangarsa ba ta fashe ba."

Da yamma Sadiyya ta dawo, hijabinta duk alli. Ta kafa tsinke a tsakar gida, ta ɗaura zare, ta zagaya ta zana da'ira a ƙasa. Ta ja layuka a ciki tana magana ita kaɗai. Kaji suka bi ta kai, ta kore su ta sake zanawa.

"Kaka, na kama! Ka ga wannan kusurwar ta tsakiya? Ninki biyu ce ta wannan ta gefe. Ko ina ka matsar da ita, haka take."

"Ni za ki gaya wa? Ki gaya wa takarda."

Daga ranar bita ba ta ƙara tsayawa ba. Malam ya bi da su ta kan da'ira da kusurwa, ya koma kan tambayoyin shekarun baya, yana sa musu lokaci kamar a ɗakin jarrabawa. Yawancin iyaye sun saki yaransu. Mamuda bai kai ɗansa gona ba, gaskiya ne. Shago ya zaunar da shi kullum da yamma. Da na aika masa, sai ya ce Sarki gona ya ambata, bai ambaci shago ba. Irin mutanen da muke zaune da su kenan.

Sakamako bai fito ba sai bayan an yanke gero. Malam Silvanus ya zo har zaurena da wayarsa, Juliana na biye da shi da jaririya a goye. Aka kira Sadiyya. Ta karɓi wayar, ta duba, sai ta fashe da kuka.

"Mene ne? Ta faɗi?"

"C6 ne, Kaka," in ji ta.

"Ni ban san wannan ba. An ci ko ba a ci ba?"

"Shi ne na ƙarshe a cikin masu ci. Da na zame kaɗan, da shi kenan."

"Makarantar ungozoma na karɓarsa?"

"Suna karɓa, Baba," in ji Malam. "Tambayar da'ira ta fito, kuma ta ce mini ta amsa ta har ƙarshe. Ina jin ita ta tsallakar da ita."

"To kukan me kike yi? Tashi ki kawo wa baƙi ruwa."

Yanzu tana can tana karatunta. Zulaikha ma ta ci. Ɗan Mamuda ya faɗi, uban kuma ya bi gari yana cewa malamin bai iya aikinsa ba, 'yan mata kawai yake kula da su. A gabana bai taɓa faɗa ba.

Bana da ciyawa ta taso na sake kiran gayya a gonar Malam, don wasu yaran sun shigo ajin ƙarshe. A ƙofar masallaci, duk wanda ya miƙo hannu sai in riƙe goron, ba na saki sai ya ce da bakinsa, "Ni da kaina." Mele ya ce ashe na yarda laifina ne bara. Ban yarda ba. Mutane ne suka lalace har sai an faɗa musu abin da kowa ya sani.

Mamuda ma ya miƙo hannu, don ɗansa na maimaita aji. Ya faɗa ƙasa-ƙasa. Na bar hannun a miƙe.

"Ban ji ba. Kunnena ya tsufa."

Sai da ya ɗaga murya har na bakin hanya suka juyo, sannan na sakar masa goron.